Tsakanin Kirari da Tarihi: Tarken Yadda Ake Gabatar da Rayuwar Mashahuran Mutane a Darussan Hausa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami littafin koyar da Hausa, tun daga manyan azuzuwan firamare har zuwa babbar sakandare, wanda bai keɓe babi ɗaya ko biyu ga tarihin wani mashahurin mutum ba. Sarauniya Amina da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u da Alhaji Abubakar Imam da Malam Sa'adu Zungur suna cikin sunayen da ɗalibi ke cin karo da su a kai a kai. Muhimmancin waɗannan darussa ya ƙaru a shekarun da aka cire Tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a matakin ilimi na farko, kafin a ƙaddamar da dawo da shi a 2022. A tsawon wannan lokaci, ajin harshe yana cikin 'yan wuraren da yaro ke jin labarin magabata. Ga ɗalibin da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a Aba ko Ibadan kuwa, mai yiwuwa shafi biyun nan su ne iyakar abin da zai taɓa karantawa game da mutanen da suka gina adabi da al'adun masu harshen.

Wannan maƙala ta ɗora tarke a kan zubin irin waɗannan darussa. Ra'ayin da take ƙoƙarin kafawa shi ne, galibinsu kirari ne da aka rubuta cikin zube, suna sanar da ɗalibi cewa wane babba ne, amma ba sa nuna masa aikin da ya mai da shi babba. An ɗauki mutum uku domin gwaji, wato Amina da Nana Asma'u da Abubakar Imam, saboda kowannensu yana fito da wata fuska ta matsalar.

2.0 Zubin da Aka Saba

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san wannan zubi. Ana farawa da shekarar haihuwa da garin haihuwa, sai sunan mahaifi da salsalar gida. Daga nan a ce tun yana ƙarami aka ga alamun hazaƙa tattare da shi. Sai a jero makarantu da muƙamai da lambobin girma, a kawo shekarar rasuwa da yawan 'ya'yan da ya bari, a rufe da cewa mutum ne mai haƙuri da gaskiya da riƙon amana da son jama'a. Tambayoyin auna fahimta su ma sawun nan suke bi: a wace shekara aka haife shi, a ina ya yi karatu, kawo halayensa guda uku.

Illar wannan zubi a bayyane take. Idan aka goge suna da shekaru, ana iya ɗaukar sakin layin halayen da aka rubuta wa sarki a liƙa wa mawaƙi, a ɗauki na mawaƙi a liƙa wa attajiri, ba tare da mai karatu ya lura ba. Rubutun da ya dace da kowa bai bayyana kowa ba.

Ba daga sama zubin ya faɗo ba. Yana da saiwa a cikin kirari da waƙoƙin fada, inda aikin maroƙi shi ne kambama ubangidansa da danganta shi da iyaye da kakanni. Yana kuma da saiwa a cikin rubuce-rubucen malamai na yabon shaihunai da jero karamominsu. Waɗannan sassan adabi ne masu daraja, kuma suna da gurbinsu a manhaja. Sai dai kowane sashe da ƙa'idarsa. Mai sauraron kirari ya san zuga ake yi, ba ya neman hujja. Ɗalibin da aka ba shafi mai taken tarihi kuwa yana ɗaukar duk abin da ke ciki a matsayin tabbataccen zance, domin a kansa za a yi masa jarrabawa.

3.0 Misalai Uku

3.1 Sarauniya Amina: Matsalar Tushe

Yadda aka saba kawo labarin Amina shi ne a ba ta shekarar haihuwa da ta hawa sarauta da ta rasuwa, cikin murya guda mai cike da tabbaci. Tushen labarin kuwa bai zo da murya guda ba. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kuma a zamaninta goro ya yawaita a ƙasar Hausa. Muhammadu Bello ya kawo zancenta a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, ya nuna yaƙe-yaƙenta sun kai Katsina da Kano, kuma a Atagara ta rasu. Ruwayoyin da suka danganta ta da Bakwa Turunku kuma sun sa ta a ƙarni na 16. Tsakanin wannan ƙiyasi da wancan akwai tazarar fiye da shekara ɗari. Har ila yau, manazarta sun yi saɓani a kan ko ta hau gadon sarautar Zazzau ko kuwa gimbiya ce mai jagorancin mayaƙa.

Marubucin darasi yakan ga wannan saɓani a matsayin ƙura da ya kamata a share kafin a shigar da labari aji. A nan ne kuskuren yake, domin saɓanin shi ne darasin. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare yana iya fahimtar cewa littattafai biyu sun faɗi abu biyu, kuma an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan aukuwar abin da suke ba da labari. Yana iya fahimtar cewa kiran tsofaffin ganuwowi da sunan ganuwar Amina shaida ce ta girman sunanta a zukatan jama'a, ko da ba ita ta gina kowace ɗaya ba. Ta wannan hanya ce zai rarrabe tarihi da tarihihi, kalmomi biyu da ake koya masa a darasin adabin baka, amma ba a ba shi damar gwada su a kan misali na gaske.

Wannan bai rage wa Amina komai ba. Mace ce da sunanta ya ratsa ƙarnoni a bakin jama'a har ya shiga littattafan malaman Kano da Sakkwato, kuma wannan kansa abin nazari ne. Ɗalibin da aka ɓoye wa saɓanin shi ne ke cikin hatsari, domin ranar da ya gano cewa shekarun da ya haddace ƙiyasi ne, yana iya yin watsi da labarin ɗungurungum.

3.2 Nana Asma'u: Aikin da Nasaba ta Rufe

Matsalar Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) akasin ta Amina ce. A nan tushe yana da yawa, kuma da hannunta ta bar shi. Jean Boyd ta fitar da tarihinta a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta kimanin 60 suka buga a 1997. Duk da haka, abin da ɗalibi ya fi fita da shi daga aji shi ne 'yar Shehu ce, ƙanwar Muhammadu Bello ce, matar Waziri Giɗaɗo ce, kuma malama ce mai tsoron Allah. Duk gaskiya ne. Amma uku daga cikin huɗun nan bayanin mazan da ke kewaye da ita ne.

Ga abin da darasi ya kamata ya tsaya a kai. Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta girma cikin yaƙi da ƙaura. Bayan an kafa daula, sai aka wayi gari da ɗimbin mata a ƙauyuka da ribaɗoɗi, da yawansu ba su san rubutu ba, ba su jin Larabci ko Fillanci, kuma matan aure ba su da halin barin gidajensu su tafi Sakkwato neman ilimi. Wannan matsala ce ta tsarin ilimi, irin wadda masu tsara manhaja ke fama da ita har gobe: ga abin koyarwa, ga masu buƙata, amma babu hanya tsakaninsu.

Maganin da ta kawo shi ne tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattawan mata masu natsuwa ta naɗa su jajis, wato shugabannin ayari, ta ba kowace jaji malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar izini. Jaji takan taho daga ƙauyensu da tsofaffi da 'yan matan da ba su isa aure ba, waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya, su ɗauki karatu su koma su isar wa matan da ke cikin gida. Abin karatun kuma waƙa ce, domin waƙa tana zama a ka ba tare da takarda ba. Don haka ta yi ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fillanci, tana kuma juya wasu daga wannan harshe zuwa wancan, kamar yadda ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa. Ta tsara waƙar da ke jero sunayen surorin Alƙur'ani domin sauƙaƙa hadda, ta kuma tsara Waƙar Gewaye a kan tarihin jihadi. Ita kanta malfar, kamar yadda Boyd ta nuna, alama ce da matan yankin suka riga suka sani a kan Innar Gobir, sai Asma'u ta ɗauko ta ta ba ta sabuwar ma'ana. Bayan rasuwarta, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin.

Idan aka kawo labarin haka, ɗalibi zai ga matsala, ya ga dabara, ya ga dalilin zaɓen harshe da zaɓen waƙa. Malami zai sami abin tambaya wanda ya wuce hadda: me ya sa ta rubuta da Hausa alhali ta iya Larabci? Me ya sa tsofaffi da yara ne ke tafiya? Amsar irin waɗannan tambayoyi ita ce ke sa yarinyar da ke zaune a aji ta ga abin da za ta iya kwaikwaya. Nasaba ba a kwaikwayonta, aiki ake kwaikwaya.

3.3 Abubakar Imam: Gwani da Ma'aikatarsa

Alhaji Abubakar Imam (1911 zuwa 1981) shi ne wanda ya fi kusa da malamin Hausa, domin littattafansa na hannun ɗalibai. An haife shi a Kagara, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina. Darasin da aka saba yakan ce daga nan ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, kamar dai littattafan sun tsiro ne daga baiwa kurum.

Baiwa kam akwai ta, amma akwai ma'aikatar da ta sarrafa ta. Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar ƙaga labarai da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta haifar da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Manufar hukumar ita ce samar wa makarantun boko abin karantawa da Hausa. Bayan haka aka ɗauko Imam daga Katsina zuwa Zariya a 1936, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku cikin 'yan watanni. Manazarta, cikinsu har da Ibrahim Malumfashi a littafinsa Adabin Abubakar Imam na 2009, sun bi sawun labarai da dama zuwa tushensu, kamar Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan Grimm. Shi kansa akun da ke ɗauke hankalin Musa da labarai don kada ya fita, yana da kaka a adabin Indiya.

Wasu malamai kan ji nauyin faɗa wa ɗalibai wannan, suna ganin kamar tona asiri ne. Alhali a nan gwanintar Imam take. Dubban mutane sun karanta Alfu Laila, amma shi ne ya iya ɗauko labarin Bagadaza ko na dajin Jamus ya sa masa riga da hula, ya zaunar da shi a fada da kasuwa da zauren malam, ya sa wa taurarinsa karin magana da ba'a irin ta Hausawa, har mai karatu ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Wannan fasaha ta baddalawa ana iya koyar da ita. Malami na iya ba ɗalibai taƙaitaccen asalin labari guda, su gwada shi da na Imam, su fito da abin da ya sauya da abin da ya bari da dalilin yin haka. Darasi ɗaya irin wannan ya fi shafi goma na yabo amfani ga mai son koyon rubutu.

Haka kuma aikinsa na jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, kuma jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce. Imam ya yi kimanin shekara 12 yana tafiya a kan siraɗi tsakanin Turawan da suka ɗauke shi aiki da sarakuna da kuma matasan 'yan boko masu neman sauyi. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ne Nnamdi Azikiwe ya shirya takardar neman mulkin kai, Imam bai sa hannu ba, amma ya kai wa Lugard koke-koken Arewa game da yadda mulkin En'e ke tafiya. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, wannan mararraba ce ta gaske a rayuwar mutum na gaske, kuma ɗaliban babbar sakandare sun isa su yi muhawara a kanta. Darasin da ya tsallake ta ya bar su da hoton bango.

4.0 Waɗanda Ba a Kira

Zubin kirari yana tasiri har a kan zaɓen wanda za a rubuta. Da yake an saba yi wa masu mulki da manyan malamai kirari, su ne suka cika shafukan. Ba kasafai ake ganin Babban Gwani ba, maginin da ya tayar da Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, ginin ƙasa mai bakan gizo da masana gine-gine ke nazarinsa har yau. Ba kasafai ake ganin Alhassan Ɗantata ba, wanda ya rasu a 1955, wanda rayuwarsa ta haɗa fataucin goro na Gwanja da cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa Kano. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka bautar, ya sami 'yanci, ya bi Barth zuwa Turai a 1855, ya ba Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a Magana Hausa a 1885. Akwai Baba ta Karo, wadda ba ta riƙe wata sarauta ba, amma labarin da ta ba Mary Smith a 1949 da 1950 ya zama taga mafi faɗi da ake leƙen rayuwar matan karkara ta wancan zamani.

Wanda aka kira ma, akan rage masa kaifi. Ana gabatar da Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, a matsayin mawaƙi mai kishin ƙasa, a ambaci Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, amma a yi shiru game da cewa waƙar gargaɗi ce mai zafi ga sarakuna su gyara, kuma mai ita ya yi sakataren jam'iyyar NCNC a Legas kafin ya dawo cikin 'yan sauyi na Arewa. Idan aka cire jayayyar, an cire dalilin waƙar.

5.0 Hujjar Masu Kare Tsohon Zubi

Akwai hujjoji uku da akan kawo, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce manufar darasin tarbiyya ce, yara na buƙatar abin koyi marar tabo. Amsa ita ce, ba a nemi a tono aibin kowa ba, kuma ladabi ga magabata wajibi ne a al'adarmu. Abin da ake nema shi ne a nuna halin kirki yana aiki. Cewa Asma'u mai son ilimin mata ce magana ce. Nuna jaji da malfarta a kan hanyar Sakkwato shi ne tarbiyya.

Ta biyu ita ce darasin na harshe ne, ba na Tarihi ba. Haka ne, amma harshe ya fi koyuwa a inda ake da abin faɗa. Jerin shekaru da muƙamai ba ya ba ɗalibi damar amfani da kalmomin dalili da sharaɗi da saɓani, irin su saboda da da a ce da duk da haka, waɗanda su ne ƙashin bayan rubutun insha'i.

Ta uku ita ce ƙarancin lokaci da kayan aiki. Wannan ita ce mafi ƙarfi, musamman ga malamin da ke nesa da ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato. Don haka nauyin gyara yana wuyan masu tsara manhaja da marubuta littattafai kafin ya kai ga malamin aji.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, a gina kowane darasi a kan aiki guda ko mataki guda da mutumin ya ɗauka, a bayyana matsalar da ya tarar da abin da ya yi da abin da ya biyo baya. Shekaru da nasaba su tsaya a sakin layi ɗaya.

Na biyu, kowane darasi ya faɗi inda aka samo labarin cikin jimla ɗaya ko biyu, kuma inda ruwayoyi suka saɓa a faɗa.

Na uku, inda mutumin ya bar rubutu ko waƙa ko gini, a sa ɗalibi ya taɓa wani yanki na aikin da kansa, ko da ɗan kaɗan ne.

Na huɗu, a faɗaɗa jerin sunaye ya haɗa da magina da fatake da makaɗa da mata da talakawan da aka adana labarinsu.

Na biyar, aƙalla rabin tambayoyin auna fahimta su zama na me ya sa da ta yaya, kuma jagoran malami ya tanadi ƙarin bayanin da zai taimaka wajen amsa su.

Na shida, a bar kirari a gurbinsa na adabin baka, a koyar da shi da sunansa, har ma a sa ɗalibai su gwada kirarin mutum da tarihinsa su ga bambancin aikin da kowanne ke yi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda zubin yabo ya ɓoye saɓanin tushe a labarin Amina, ya bar nasaba ta rufe tsarin ilimin da Nana Asma'u ta kafa, ya kuma raba Abubakar Imam da ma'aikatar da ta fito da gwanintarsa da mararrabar da ya tsaya a kai. A dukkan misalan uku, abin da aka zubar ya fi abin da aka riƙe amfani ga ɗalibi. Mutanen nan sun yi aikin da ya isa ya tsaya da ƙafarsa a gaban yaro ɗan shekara 13. Abin da ya rage ga mai tsara manhaja shi ne ya tanadi gurbin aikin a shafi, ga marubuci ya koma ga tushe kafin ya ɗauki alƙalami, ga malami kuma ya tambayi ɗalibansa abin da wane ya yi kafin ya tambaye su shekarar da aka haife shi.